Hular da Inna Rakiya ta aika

A unguwar Hausari an san Inna Rakiya da ɗinkin hula. Iyayenta Kanawa ne da fatauci ya kawo Maiduguri. Tana amarya ta koyi sana'ar a wurin maƙwabciyarta Yagana, Babarbariya, kuma da allurar ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Ɗanta na fari, Mahmud, tela ne a unguwar Gomari. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. In ya shigo gaisuwa sai ta kau da kai, ta amsa a taƙaice, idonta a kan allura. Duk sallah tana ɗinka masa hula, amma ba ta miƙa masa da hannunta. Sai ta ba ƙanwarsa Suwaiba ta ce, "Kai wa yayanki." Mahmud bai taɓa jin haushi ba. Ya san wannan kau da kan nasa ne shi kaɗai.

Bara mantuwa ta fara kama Inna. Ta bar tukunya a wuta, ta tambayi inda mijinta ya tafi. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. Wurin da ke riƙe sunaye da fuskoki shi ke fara lalacewa, amma aikin da hannu ya saba yi wani sashe ne ke riƙe da shi, kuma yakan daɗe. Haka kuwa aka yi. Ta manta abin da ta karya da shi, amma zarenta bai karkace ba.

Mahmud ya samo nasa ma'aunin. Muddin ya shigo ta kau da kai, to ta san shi.

Ranar wata Juma'a ya yi sallama, sai ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta yi murmushi.

"Maraba da baƙo. Suwaiba, kawo tabarma mana, kin bar mutum a tsaye kamar icen inuwa."

"Inna, Yaya ne fa," in ji Suwaiba.

"Ke dai kawo ruwa."

Ya zauna. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi iyali, ta yi ta hira da shi yadda ba ta taɓa yi ba. Hannunta na ta aiki a kan wata hula mai ruwan toka, har ta ƙulle zaren ƙarshe ta cije shi.

"Bawan Allah, daga ina kake?"

"Daga Gomari, Inna."

"Alhamdulillahi. Ina da ɗa a can, tela ne. Mahmud." Ta ɗan yi dariya. "Yaro mai haƙuri. Ban taɓa faɗa masa ba. Ya daina zuwa, ban san abin da na yi masa ba."

Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakinta. Suwaiba ta shige ɗaki da mayafi a fuska.

Inna ta miƙa masa hular. "Don Allah ka kai masa. Kada ka ce ni na tambaye shi."

"Zan kai, Inna."

A zaure ya cire tasa ya gwada. Ba ta auna kansa ba, amma hular ta zauna daidai. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire ta ya ninke ya sa a aljihu, don kada gobe ta gan ta a kan baƙo ta ce bai isar da saƙo ba.