Kunnen Habu

Jiya wani makaɗin biki daga Watari ya kawo min jitar lantarki gyara. Na liƙe wayar maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na jona lasifika, sai zuuu, kamar zuma ta shiga tukunya. Nan take Baba ya faɗo min a rai, mai gyaran rediyon da ya koya mana aiki ni da Habu.

Irin wannan ƙugin ya taɓa wahalar da ni wuni guda, a wata jitar da aka kawo rumfarsa. Rumfa duk warin dalma, ina ta zufa, Baba na taunar goro. Can sai ya kira Habu.

"Ɗora yatsanka a kan tsirkiya."

Ƙugi ya ɗauke.

"Ka ji? Wayar ƙasa ce ba ta kama ba. Kai kam kana da kunne."

Ni na ƙone yatsu, amma Habu ne mai kunne!

Jiya na ɗora yatsa, ƙugi ya ɗauke. Na waiwaya a yaba min, babu kowa sai bango.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya yaye min, don har yau in muka gaisa da Habu, kunnensa nake kallo.