Hatimin Ƙungiya da Idon Tela

A shekarata ta uku a Alƙahira aka naɗa ni magatakardar majalisar ƙungiyar ɗalibanmu. Ba don na iya siyasa ba ne. Rubutuna yana karantuwa, kuma ba ni da yawan magana, dalilin ke nan. Ina karatun haɗa magunguna a babbar jami'ar Giza, majalisar kuwa sau ɗaya take zama a wata, a saman rufin wani dogon gida da 'yan ƙasarmu suke haya. Mukan shimfiɗa tabarmi bayan la'asar a tsakanin igiyoyin shanya. Idan hayaƙin gari ya lafa, daga can ana hango dalar Fir'auna kamar an shafa toka a jikin sama. Tattabarun maƙwabta su yi ta kewaya mu. Sau da yawa nakan bi su da ido in manta da alƙalamin da ke hannuna, sai Kakakin majalisa ya yi gyaran murya in dawo hayyacina.

Muna da shugaba, muna da majalisa, muna da ɗan kundin tsarin mulki da wasu magabatanmu suka kwaikwayo daga na ƙasa. Muna kuma da ɓangare biyu. 'Yan Ciki su ne masu tallafin karatun addini, da ke kwana a ɗakunan da aka tanadar musu cikin katanga. 'Yan Waje mu ne, masu likitanci da injiniya da makamantansu, da muke haya a cikin gari. Su suna ganin mun zo Masar mun bar ilimi mun kama boko, mu muna ganin sun yi shekara da shekaru ba su san garin da suke ciki ba. Tun da aka kafa ƙungiyar 'yan Ciki ke shugabanci. A wannan shekarar ce karon farko da ɗan Waje ya ci, wani dogon ɗalibin injiniya mai sanyin murya, wanda idan yana magana sai ka matso kusa.

Jagoran 'yan Ciki a majalisa ɗan baffana ne. Gida ɗaya muka tashi a Katsina, Yaya nake ce masa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ya nuna mini taragon mata a metro, jirgin ƙasa na cikin gari, ya tsaya a bakin ƙofa har jirgin ya tashi.

A wani zama na tsakiyar zafi, Yaya ya miƙe da takarda a hannu. Ya ce akwai wani asibitin ido na sadaka da ke yi wa ɗalibai baƙi aiki, muddin ƙungiyarsu ta shaida cewa ɗalibai ne. Ya ce Shugaba ya ɗauki hatimin ƙungiya ba da sanin majalisa ba, ya buga a kan wasiƙar da ta shaida wani tsohon tela na unguwar Ardul Liwa a matsayin ɗalibi, alhali ba ɗalibi ba ne, ba ma ɗan ƙasarmu ba ne, mutumin Damagaram ne.

"Wannan shaidar zur ce da sunanmu gaba ɗaya," in ji shi. "Ina neman a kafa kwamitin bincike. Idan ta tabbata, a tsige shi."

Wuri ya kaure. Wani ɗan Waje ya ce tun ranar da suka faɗi zaɓe suke neman dalili, yau sun samu. Wani ɗan Ciki ya jawo masa nassi da Larabci, aka mayar masa da sashe na kaza na kundi da Turanci. Kakaki ya yi ta buga cokali a kan faranti. Shugaba yana zaune a ƙarshen tabarma, hannuwansa a kan gwiwa. Ni kuwa ina rubuta abin da kunnena ya kama, rabi da rabi. Kafin magariba aka amince da kwamiti na mutum biyu: Yaya daga Ciki, da wata ɗalibar likita daga Waje, wadda kowa ke kira Dokta tun kafin ta gama. Aka ce in bi su da littafina.

Ranar Asabar muka tafi. Mun hau ƙaramar bas har bakin titin jirgin ƙasa, muka tsallaka da ƙafa, muka shiga lungunan Ardul Liwa. Gidajen sun yi tsawo sun matse har rana ba ta kaiwa ƙasa, sai dai ta sauko kamar zare ta tsakanin kayan shanya. Ana jin Larabcin Sudan daga wannan shago, harshen Habasha daga wancan, ƙamshin gahawa da turaren wuta suna bin mu. Zafi ya sa ƙafafuna suka yi nauyi, na ji kamar a cikin ruwa nake tafiya. Yaya na gaba, Dokta na baya.

Shagon bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Tsohon yana zaune gefen kekensa, siririn mutum mai farin gemu. Idonsa na dama, wanda aka yi wa aiki, yana sheƙi kamar na jinjiri. Na hagu kuwa fari ne fat, yanar ido ta rufe shi. Da ya ji sallama da Hausa ya miƙe da sauri har ya ture kwandon zare.

"Dubiya kuka zo? Allah ya yi muku albarka. Ku shigo, 'ya'yana, ku shigo."

Muka kalli juna. Yaya ya ce, "Eh, Baba. Ya jikin?"

Ya ɗora shayi. Ya ce shekara uku yana ɗinki da laluben yatsa, sai ga shi ranar da aka cire masa bandeji ya ga cewa labulen shagonsa, wanda yake tsammanin toka-toka ne, ashe kore ne shar. Ya yi ta ɗauko ƙyallaye yana ɗaga su zuwa haske yana faɗin launinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaishe da tsofaffin abokai. Ya kalli fuskar Yaya ya ce ya san muryar nan, shi ya rage masa tsawon jallabiya shekarar da ya zo. Yaya ya sunkuyar da kai.

Dokta ce ta yi tambayar. "Baba, kun taɓa karatu a nan?"

Ya yi dariya, ya jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin keke. A ciki akwai katin ɗalibi da ya koma ruwan ƙasa, da hoton wani saurayi mai dogon wuya. Ya ce ta ƙasa ya zo, ta Chadi da Sudan, a bayan motar kaya, sannan jirgin ruwa ya gangaro da su kogi. Ya ce kwana biyu suna kan ruwa, dabinai suna wucewa a gaɓa, shi kuwa yana ta haddace abin da zai faɗa wa malamin farko da zai gani. Ya yi shekara biyu yana karatu, mahaifinsa ya rasu, abin da ake aiko masa ya yanke, ya kama allura da niyyar wata shida.

"Ban taɓa zuwa na ce musu na bari ba," in ji shi. "Su ma ba su aiko sun ce sun kore ni ba. Ran Alhamis har yanzu nakan je masallaci in zauna a bayan halƙar karatu. Da ba na ganin littafin, yanzu ina gani."

Fankar sama tana juyawa a hankali, muryarsa tana hawa tana sauka. Na jingina da tarin yadi, ina jin gyangyaɗi na ɗibata. Har yau idan na tuna jirgin ruwan nan sai in ga kamar ni ma ina cikinsa, a zaune kusa da saurayin mai dogon wuya. Da muka tashi tafiya na duba littafina, layi biyu kawai na rubuta. A bakin ƙofa tsohon ya ce likita ta ce ya dawo bayan wata uku da sabuwar wasiƙa, a yi na hagun.

A hanya Yaya ya tsaya ya juya mana baya, ya daɗe yana goge fuska da hularsa. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba. Kwamitin ya kasa haɗa rahoto ɗaya, aka kawo biyu. Na Dokta ya ce mutumin da ke da kati, kuma yake zama a halƙa, ɗalibi ne. Na Yaya ya ce ɗalibi a kundinmu shi ne mai rajista a bana kuma ɗan ƙasarmu, kuma ko da tsohon ya cancanta, hatimi ba na Shugaba ba ne shi kaɗai. Makonni uku wayoyinmu ba su huta ba. Masu gaisawa suka daina. An fasa wasan ƙwallon da aka saba yi tsakanin ɓangarorin biyu. 'Yan Waje suka ce za su ƙaurace wa zaman don kada adadi ya cika, sai Shugaba ya aika musu cewa shi zai je, ko shi kaɗai.

Ranar ƙuri'a iska ta taso daga wajen kogi, zannuwan da aka shanya suna kaɗawa a tsakaninmu, wani lokaci su rufe mai magana sai muryarsa kawai ake ji. Kakaki ya ba Shugaba dama. Ya miƙe, kowa ya yi shiru don a ji shi.

"Na buga hatimin," ya ce. "Na san kundi bai ba ni dama ba. Na yi tunanin idan na kawo maganar nan za mu yi wata biyu muna gardama, shi kuwa yana soke yatsunsa da allura. Ban nemi izininku ba, wannan kuskurena ne. Amma ban yi ƙarya a kansa ba."

Yaya ya miƙe bayansa. Muryarsa ba ta da zafin ranar farko. Ya ce ya ga tsohon, kuma yana ƙaunarsa. Ya ce amma idan asibitin ya gano muna shaida wanda ba ya cikin rajista, wasiƙarmu ta mutu, kuma wanda zai sha wahala shi ne ɗalibin da zai zo baɗi da ciwon ido. Ya ce yau don tela aka yi, gobe wani shugaban zai yi don abokinsa. Na rubuta maganarsa kalma da kalma, ina jin haushin yadda na kasa samun inda ta karkace.

Aka ɗaga hannuwa, ni ce mai ƙirga. Hannun Yaya na cikin na farko. Duk 'yan Ciki sun ɗaga, duk 'yan Waje sun ajiye nasu a cinya, ba wanda ya tsallaka. Sun fi mu yawa, amma ba su kai kashi biyu cikin ukun da kundi ya nema ba. Shugaba ya tsira. Ba wanda ya yi tafi. Kafin a tashi 'yan Ciki suka kawo wani ƙudurin, wanda rinjaye kawai yake buƙata: daga yau hatimi zai zauna a hannun magatakarda, kuma ba za a buga shi ba sai da amincewar majalisa. Ya wuce. Kakaki ya miƙo mini shi a cikin 'yar jakar fata, na sa a jakata tare da littattafan makaranta.

Bayan wata uku Shugaba ya same ni a ƙofar tsangayarmu. Ya ce lokacin ido na biyu ya yi. Ya kai maganar majalisa, 'yan Ciki sun ce a ɗage sai an gyara kundi, 'yan Waje sun ce ba za a taɓa kundi ba sai an janye rahoton Yaya.

"Ba ce miki na yi ki buga ba, Malama," ya ce. "Na dai ga ya kamata ki sani."

Hatimin yana cikin jakar da ke kafaɗata a lokacin. Na ce masa ma'alish, kamar yadda Misirawa ke cewa idan ba su da abin yi maka. Ya gyaɗa kai ya tafi. Na zauna a kan wani benci ƙarƙashin bishiya har aka yi kiran la'asar, ina ta juya abin a zuciyata. Ina tsoron a kafa mini kwamiti, ina tsoron labari ya kai Katsina, kuma wani ɓangare na zuciyata ya yarda da Yaya. Ban buga ba.

Ban sake komawa shagon ba, kunya ta hana ni. Shugaba ya ƙarasa wa'adinsa, zaɓen da ya biyo baya 'yan Ciki suka karɓe kujerar. Ni da Yaya mun yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu. Daga baya Dokta ta faɗa mini wasu 'yan kasuwar Nijar sun tafi da tsohon gida. Ko an yi masa na hagun kafin ya tafi, ita ma ba ta sani ba.

Bara na haɗu da Yaya a gidan suna a Katsina. Yanzu yana koyarwa, gemunsa ya fara furfura. Muna zaune a zaure ana shiga ana fita, na tambaye shi ko yana tuna tela. Ya ce babu watan da ba ya tuna shi. Na ce to da za a sake waccan ƙuri'ar, zai ɗaga hannu?

"Zan ɗaga," ya ce. "Amma da na fara zuwa na kama hannunsa mun je asibitin tare, na faɗa musu gaskiyar ko shi wane ne. Wataƙila da sun karɓe shi. A lokacin babu ɗayanmu da ya yi tunanin tambayarsu."

Aka leƙo aka ce abinci ya sauka. Ya tashi ya shiga wajen maza, ni kuma na koma cikin gida wajen mai jego.