Tsohon Da Ya Sha Naushin Zamani Biyu

Gidanmu na Fagge gidan mahauta ne, kuma duk gidan mahauta ba a raba shi da maganar dambe. Ina ƙarama, da zarar an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakarmu Hajja, tana gasa mana ragowar tsoka a kan garwashi, muna jiran labari kafin a kira isha'i. Ni ce mai yawan tambaya a cikin jikoki, har takan ce in ana rabon yarda, ni ban je wurin ba.

A lokacin yayana Sani ya kamu da zuwa gidan kallo a Sabon Gari, inda ake nuna damben Turawa na manyan ƙarti. Kullum ya dawo da gardama. Shi a wurinsa wani gajeren baƙar fata da ke tashe a lokacin ya fi duk na baya nauyin hannu, mutanen da kuwa sai rawa a fili. Babanmu yakan ji shi daga ɗaki ya ce, "Kai dai ba ka ga kakanka ba. Har ya bar dambe bayansa bai taɓa ƙasa ba." Da wannan muka tashi, don kakanmu ya rasu kafin a haife mu.

Duk ranar da gardamar Sani ta yi zafi, labari ɗaya Hajja take ba mu. Wai an yi wani ɗan dambe a zamanin da, ana ce masa Turmi, wanda in ya naɗa zare a hannunsa na dama makaɗa ma sassauta kalangu suke yi. Ya yi zamaninsa ya mutu. Bayan shekaru aka yi wani matashi, Ɗan Gatari, shi ma ya kashe duk wanda ya kara da shi, wato ya kai shi ƙasa. Abu ɗaya ya hana shi barci: tsakaninsa da Turmi, wa ya fi naushi? Ya tambayi makaɗa suka ce shi ne, amma ya san da kuɗinsa suke cefane. Ya tambayi tsofaffi suka ce Turmi ne, amma ya san tsoho ba ya kushe zamaninsa. Daga ƙarshe aka nuna masa wani mutum mai sayar da nama, wanda ya sha hannun Turmi yana saurayi, ya kuma sha na Ɗan Gatarin da kansa yana dattijo.

A nan Hajja takan juya nama ta rage murya. "Sai mutumin ya ce, yaro, da Turmi ya buge ni shekaruna ashirin, na faɗi na tashi na je na yi fiɗar shanu biyu. Da kai ka buge ni na kusa hamsin, kunnen nan bai sake ji ba. To hannunka ne ya fi nasa, ko kaina ne ya tsufa? Ni ma da na sha su ban sani ba, kai wa zai faɗa maka?"

Sani yakan yi tsaki ya ce labarin bai raba gardama ba. Ni kuwa wani abu dabam ke damuna. Hajja ba ta taɓa buɗe wannan labarin da buɗin tatsuniya ba, ba ta kuma rufe shi da dariya kamar sauran. Sannan mace ce mai son raɗa suna. Ko akuya ce ta gifta a labarinta sai ta sa mata suna da na uwarta. Amma mutumin nan mai nama, wanda shi ne ƙashin bayan labarin, kullum "mutumin" yake.

Ran nan na ce, "Hajja, shi mai naman ba shi da suna ne?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Hadiza, cinye namanki kafin ya huce."

Daga ranar na fara sa mata ido, kuma ban ji daɗin kaina ba. Na san a duniya mutum ɗaya ne bakin Hajja ba ya kama sunansa, shi ne mijinta, kamar yadda matan zamaninsu suke yi don kunya. Ko maƙwabci ne ya ci sunansa sai ta sake masa wani. Na yi ta ƙoƙarin kawar da zargin, don in ya tabbata, to abin da Baba yake alfahari da shi ƙarya ne, mu kuma jikokin wanda aka kayar ne har sau biyu. Tsoro ya hana ni sake tambaya har Allah Ya karɓi ranta.

Sai da na yi aure na haihu, ina sarin atamfa a Kantin Kwari, sannan na samu ƙarfin hali. Akwai wani dattijo a Sabon Gari, Baba Emeka, mai gyaran takalma, wanda ya yi damben safar hannu da ƙuruciyarsa. Abokin kakanmu ne, duk sallah yakan zo gaida Hajja a ba shi kasonsa na nama. Na same shi a rumfarsa, bayan gaisuwa na ce, "Baba, da wane kunne kakanmu yake ji?"

Ya ajiye allurarsa ya dube ni. "Na dama," ya ce. "Wa ya aiko ki?" Na ce ba kowa. Ya girgiza kai. "Na hana shi wannan karawar ta biyu, wallahi na hana shi. Ya ce shi kaɗai ya rage da zai iya auna yaron da Turmi. Ni na kai shi gida a kan kekena."

Na fito raina a ɓace, ina jin haushin Hajja, ina jin haushin babanmu, ina kuma tausayin su duka. Kwana uku ina juya maganar kafin na je gida na faɗa wa babanmu, ina ɗari-ɗari kada in karya masa zuciya a tsufansa. Bai ko ɗago ba.

"Kin taɓa ganin na zauna ana wannan labarin?" ya ce. "Ni ɗansa ne, ban iya faɗa ba. Ita matarsa ce, ta faɗa muku iya yadda kunya ta bar ta. Ke kuwa jika ce, tsakaninki da shi wasa ne. Bakinki zai iya."

Yanzu 'ya'yana ne ke gardamar, da waya a hannu, suna haɗa wani ƙaton yau da wani na shekarun baya suna rantse-rantse. Na daina yarda da duk mai raba irin wannan gardama da ƙarfin murya, don na san wanda ya ba da kunnensa don ya sani, ya dawo bai sani ba, kuma ya yi gaskiyar faɗin haka. Wannan ya fi mini bayan da bai taɓa ƙasa ba.

Makon jiya na tara su bayan magariba na ba su labarin Turmi da Ɗan Gatari. Da na zo kan mai naman, autata ta katse ni ta ce, "Umma, shi waye?"

Na ce, "Sunansa Garba. Kakana ne."