Bas ɗin Surukina a Bakin Bahar Maliya

Wanda bai taɓa yin hunturu a Madina ba da wuya ya yarda cewa garin yana sanyi. Yana yi kuwa, busasshen sanyi mai shiga ƙashi, wanda in ka fito sallar Asuba sai ka ji daɓen masallaci yana cizon tafin ƙafarka. Ni a lokacin da ƙuruciyata, ban damu ba. Surukina, mahaifin matata, shi sanyin ya fi takura wa. Da zarar ya kama sai gwiwoyinsa su kumbura, ya koma yin salla a kan kujera, ya yini yana faɗa da kowa a gidansu na unguwar Ranuna.

'Ya'yansa suna ce masa Abuya, ni ina ce masa Baba. A Madina aka haife shi. Mahaifinsa ne ya taho aikin hajji a ƙasa daga ƙasar Hausa, bai sake komawa ba. Baba ya shafe sama da shekara talatin yana tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Makka da Madina. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wani tsohon ƙaramin bas, ya cire kujerun baya, ya kai wa wani kafinta a unguwar Aziziyya ya kafa masa gado da kabad da wurin ajiye tukunyar gas. Aka ɗaura tankin ruwa a sama, Hajiya surukata ta ɗinka labule. Duk shekara in sanyi ya kama, su biyun sai su gangara bakin teku kusa da garin Rayis, inda iska take da ɗumi, su yi wata biyu a can.

Shekara biyu da aurenmu yanar ido ta kama shi, likita ya hana shi tuƙi. Babban ɗansa yana aiki a Riyad, ƙaramin kuma aikinsa ba ya barinsa. Ni kuwa na gama karatun da ya kawo ni Madina, ina koyarwa, ga hutun rabin shekara ya zo. Wata rana bayan La'asar ya miƙo mini makulli ya ce, "Ya Malam, an ce ka iya mota. Za mu gani."

Tuƙin bai tayar mini da hankali ba. Abin da ya dame ni shi ne abinci. A ƙauyenmu, can gabas da Katsina, namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ko ruwa ba ya sha. Tun da na yi aure nake kauce wa tiren gidansu da dabaru: yau na ƙoshi, gobe ina sauri, jibi ana jirana. A gida mai ɗakuna wannan ba wuya. To ina zan ɓuya a cikin bas ɗin da tsawonsa bai fi taku bakwai ba?

Muka tashi da hantsi, ni da shi a gaba, Hajiya da matata da 'yarmu ta goye a baya. Muka tsaya a Badar muka yi Azahar, muka sayi burodi da ƙanƙara, sannan muka karya yamma. Tun kafin mu hango ruwa na ji iskar ta sauya, ta yi laushi, tana ƙanshin gishiri. Baba ya cire rigar sanyinsa ya jefa baya, ya ce, "Alhamdu lillahi, mun baro shi."

Wurin ba wani gini a cikinsa, fili ne kawai na rairayi mai tauri da ruwa shuɗi a gabansa. Amma kowa ya san gurbinsa. Akwai mutanen garin Tabuka da su ma sanyi ya koro, da wasu tsofaffi daga yankin Ƙasim, kowa da motarsa da rumfarsa, tsakanin wannan da wancan tazarar da ba za a ji hirar juna ba. Na kafa wa kaina da iyalina tanti a gefe, na ja rumfa daga jikin bas ɗin, aka shimfiɗa darduma.

Ranar farko da aka kawo abinci na ce zan duba taya. Rana ta biyu Litinin ce, sai na ɗauki azumi, Allah Ya yafe mini niyyar. Rana ta uku Hajiya ta dafa sayadiyya, shinkafar nan da ake dafawa da soyayyiyar albasa da romon kifi har ta yi duhu, ga kifin da wani masunci ya kawo da safe. Matata ta san halina. Ta zuba mini a faranti ta miƙo ta tagar baya, na tsugunna a bayan bas ɗin kusa da taya ina ci da sauri kamar mara gaskiya.

Ban ji tahowarsa ba, don rairayi ba ya ƙara. Kan sandarsa kawai na gani kusa da ƙafata.

"Wa ke nan?" ya ce. "Ina jin ƙanshin kifi a inda ba a girki."

Ga loma cike da bakina.

"Malam, kai ne? Tayar ce ka zo ciyarwa?"

Na samu na haɗiye, na ce, "Baba, a yi haƙuri. A wurinmu ba a yi ne."

"Ba a yin me?"

"Ba a ci a gaban suruki."

Na ɗauka ransa ya ɓaci. Sai na ga ya dafa jikin bas ɗin yana sauka a hankali, da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa, har ya zauna dirshan a kan rairayi. Ya fashe da dariya, ya yi ta yi har yana share ido da gefen rawaninsa.

"Wallahi haka mahaifina yake," ya ce. "Shekara ashirin yana gida ɗaya da kakana na wajen uwa, ban taɓa ganin ya kai hannu baki a gabansa ba. Mu muna yara muna cewa ko aljani ne da ba ya cin abinci. Na ɗauka wannan abin an binne shi tare da shi a maƙabartar Baƙi'a. Ashe yana nan, ya auri 'yata."

Ya ɗaga murya ya kira matata: "Ya binti, kawo mini nawa nan."

Na ce, "Baba, don Allah."

"Saurara. Ni ba zan ci ni kaɗai kamar mai jinya ba. Kai kuma ba za ka ci ina kallonka ba. To idon ma ina yake? Ka juya ka fuskanci teku, ni ma in fuskanci teku. Kowa ya ji da farantinsa."

Haka muka yi. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna kallon ruwa. Lomar farko da ƙyar ta wuce, ta biyar kuwa har na ji daɗin albasar. Da muka gama ya kasa tashi, sai da na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, yana cewa, "A hankali, ba buhun dabino ba ne."

Hajiya ba ta goyi bayansa ba. Da ta ji labari ta ce, "Ku bar bawan Allah da kunyarsa. Shi kaɗai ya rage mana mai ita." Don haka a gabanta ban taɓa ci ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. Sai dai kullum kan kifi mafi girma a farantina yake.

Hunturu takwas muka yi haka. In hutuna ya ƙare sai in bar su a can, in biyo wata mota in koma Madina, ranar Alhamis in dawo musu da ruwan sha da na'ana'a da dabino daga gonar wani amininsa a unguwar Awali. Na koyi abubuwan da ba a koya mini a jami'a ba. Na koyi rage wa taya iska kafin a shiga rairayi, da gane ƙasar gishiri mai kama da busasshiya alhali ƙarƙashinta taɓo ne. Da hantsi, in rana ta gasa rairayi, nakan haƙa rami in binne masa ƙafafu har cinya, ya jingina da matashi yana shan shayi, ya ce duk maganin asibiti bai kai wannan ba. Da yamma mu je kamun kifi. Ni ke sa masa tsutsar teku a ƙugiya, shi ke riƙe zaren a ɗan yatsa, kuma kullum ya fi ni kamawa.

'Ya'yanmu suka zama uku. Ya kafa musu doka cewa a cikin bas ba a Larabci. Su kuwa sai su tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, su amsa masa da Larabcinsu, su ce ai ba su shiga ba. Hausarsa ma tsohuwa ce, gauraye da kalmomin Sudan da ya gada, wani lokaci ni kaina sai na tambaye shi me yake nufi. Sai ya ce, "Kai da aka haifa a can ba ka sani ba, ni zan sani?"

A hunturun ƙarshe da muka je da shi, ganinsa ya ragu sosai, haske da duhu kawai yake bambantawa. Wata safiya ruwa ya janye, ya bar fili shimfiɗe mai tauri, ba mota ba mutum har iyakar gani. Muna shan shayi ya ce, "Malam, ba ni makullin."

Matata ta ce, "Abuya, haram alaik, ba ka gani fa."

Na dubi Hajiya. Ta ajiye kofinta, ta gyara mayafi, ta miƙe. Na ɗauka hana shi za ta yi. Sai ta wuce ta buɗe ƙofar gaba, ta kama ƙarfe ta hau kujerar da nake bar wa Baba.

"Shekara talatin yana kai matan mutane Makka," ta ce. "Da ya sayi wannan kuma ya ce in zauna baya in riƙe masa tukwane kada su zube. Ban taɓa zama a gaba yana tuƙi ba. Ba shi."

Na kama hannunsa na zaunar da shi. Ya shafa sitiyari, ya gyara madubin da ba ya gani, ya yi bisimilla ya tayar. Ni na tsaya a bayansa na dafa kafaɗarsa. In na matsa ta dama ya karya dama, in na matsa ta hagu ya karya hagu. Ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, har ta uku, bas ɗin ko girgiza bai yi ba. Yara suna bin mu da gudu suna ihu, matata ta tsaya a rumfa hannu biyu a ka. Mutanen Tabuka suka fito daga tantinsu suna ɗaga hannu.

Mun yi kamar minti goma muna zagaya filin nan. Hajiya ta sauke gilashi, iska tana kaɗa mata mayafi, can sai ta juya ta dube shi.

"Ashe ka iya," ta ce.

"Da ƙarya kika ɗauka nake yi?"

"Ka ƙara zagaye ɗaya."

Ya ƙara biyu. Da ya tsaya ya kashe motar, bai sauko nan da nan ba. Su biyun suka zauna a gaba suna hira ƙasa-ƙasa, ni kuwa na sauka ta ƙofar baya na ja yara muka tafi tsintar katantanwa, muka bar su har rana ta yi zafi.

Bayan nan da wata biyar, a tsakiyar zafin Madina, Allah Ya yi masa rasuwa a gida, bayan sallar Juma'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.