Mai Agogo da Allona Mai Kore

Shekara tara Mai Agogo ta yi a teburin da ke jikin taga, a kamfaninmu mai yin manhajar kama layin ganin likita. Ba ta iya rubuta manhaja ba, gwaji ne aikinta. Injiniyoyi su gama sabon abu, ta ɗora shi a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta danna agogon tsere da ke rataye a wuyanta, ta rubuta sakan nawa shafi ya ci kafin ya buɗe. Da can malamar lissafi ce, shi ya sa ko manaja ya zo gabanta sai ya gyara tsayuwa.

Ni kuwa da digiri biyu na zo. Wata shida na yi ina gina na'urar gwaji mai aiki da kanta. Duk canjin da aka yi sai ta auna gudunsa, ta kwatanta da na jiya. In nauyi ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, allon bango ya yi ja, in bai kai ba, kore. Gwaji dubu a minti ashirin! Amma injiniya zai ga kore ɓaro-ɓaro, ya wuce ni kamar kujera, ya je ya rusuna mata: "Yaya, ɗan taɓa mana." Wallahi abin yana cin raina. Hassada ce, ba sai wani ya gaya min ba. Ko shayi ta haɗa sai in ga ya fi nawa kauri.

Da manaja ya ce in rubuto masa ko har yanzu ana bukatar gwajin hannu, rahoto mai shafi uku na cika cewa ba a bukata, har da zane. Na san sarai aikinta nake shirin raba ta da shi.

Ana saura kwana biyu a yanke hukunci, ta yafito ni.

"Ƙanena, zo ka gani. Shafin zaɓen likita, farkon shekara sakan ɗaya da rabi yake buɗewa. Yau huɗu."

"Haba Yaya, allo fa kore ne."

"Da me kake aunawa?"

"Da na jiya."

"Na jiyan kuma da na shekaranjiya ko? To ai kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa, yau kashi biyu, gobe uku, bai taɓa kai goman taka ba. Na'urarka uwa ce, kullum tana ganin ɗanta, ba ta san ya yi ƙiba ba."

Wata da watanni marasa lafiya suna zaman jiran shafi ya buɗe, ni ina nan ina hura hanci da kore.

Ba ta kai ni gaban manaja ba. Cewa ta yi, "Je ka kafa ma'auni ɗaya wanda ba ya motsi, kullum ka auna da shi." Wannan kirkin nata ya fi komai ƙona min rai. Da tona min asiri ta yi, da na samu dalilin jin haushinta.

Na gyara. A taro na yi bayanin matsalar tiryan-tiryan ban ambace ta ba. Aka tafa, har da ita. Manaja ya ce, "Ka ga ashe na'ura ma tana kama irin wannan. Kana nan a kan rahotonka?"

Tana zaune daura da ni, ba ta ko ɗago kai ba. Na ce, "Ina nan."

Ƙarshen wata ta kwashe kayanta a kwali ɗaya, ta bi kowa ta yi masa sallama, ni ma ta ce Allah ya ƙara basira. Na ji an ce ta koma aji.

Na zaci zan samu sauƙi. Makon jiya allon ya yi ja, karon farko da gyaran ya kama nauyi tun yana ƙarami. Babban injiniyanmu ya miƙe daga kujerarsa yana dariya, ya ɗaga murya: "Jama'a, ma'aunin Yaya ya kama mu!"

Ni dai ban faɗa wa kowa cewa dabararta ce ba, ita ma na tabbata ba ta faɗa ba. Amma haka duk ofis ke kiransa yanzu, har manaja.