Gidan da na saya da damina

Mu mutanen Damagaram, daga sama muka san ruwa yana zuwa. Shi ya sa da maigidana ya rasu a Diffa, mai gidan haya ya ce in tashi, na rantse ba zan sayi gida ba sai da damina, in ga rufi da idona. Har alfahari na yi da wannan wayo a kasuwa.

Mai sayarwar wani Alhaji ne, manomin tattasai, tun kakanninsa suna bakin kogin Komadugu. Ranar da ya kai ni ganin gidan ana sheƙa ruwa. Ya tsaya tsakar ɗaki ya nuna sama.

"Duba da kyau, ƙanwata. Ko ɗigo?"

Babu ko ɗigo. Bango ya sha sabon yaɓe, ga buhunan tattasai jere a jikinsa har ƙugu. Na tambaye shi dalilin sayarwa, ya ce gwiwa ta tsufa, yana son kusa da masallacin tudu. Maƙwabta biyu suka yi shaida, aka raba goro, na dangwala yatsa a takarda, don lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Damina ta wuce, aka girbe gero, sanyi ya shigo, sama fes. Sai na ga maƙwabta suna loda kaya a amalanke. Na tambayi matar ɗaya daga cikin shaidun ina za su.

"Kogi ya taho," ta ce, tana naɗe tabarma. Ko dubana ba ta yi ba.

Ashe a nan ruwa sai bayan damina yake isowa, daga Najeriya, a hankali. Ta daɓen ɗaki ya fara tsattsafowa. Sabon yaɓen ya saɓule, sai ga sawun tsofaffin ambaliya a bango, layi bisa layi, daidai inda buhunan suka rufe. Kafin in sami amalanke, ɗakin baya ya rufta a kan hajar da marigayi ya bar mini.

Na je wurin bulama, wato mai unguwarsu, ya tura ni wurin alƙali. A can na fara jin abin da shari'a ta ce: wanda ya ɓoye aibin abin da ya sayar, a mayar masa da kayansa. Zuciyata ta yi sanyi. Sai aka ba Alhaji magana.

"Allah ya gafarta Malam, ni na ɓoye kogi? A aljihu na sa shi? Ta tambaye ni rufi, na nuna mata rufi."

Mutane suka yi dariya. Aka tambayi shaidu ko sun san ruwa yana cin gidan. Suka ce wa bai sani ba, har awakin unguwa sun sani. Alƙali ya ce abin da duk gari ya sani ba ɓoyayye ba ne. Na ce buhunan fa? Yaɓen fa? Ya ce kowa yana yaɓe gidansa, kowa yana aje buhu a ɗakinsa.

"Yi haƙuri, ƙanwata," in ji Alhaji a bakin ƙofa. "Ai ruwan yana janyewa kafin zafi."

Na zauna a gidan, don babu ɗan gari da zai saya. Duk shekarar da kogi ya cika, in kwashe ƴaƴana mu kafa rumfar zana a tudu, nesa kaɗan da sabon gidan Alhaji na siminti. Idan ya fito sallar la'asar yakan ɗaga mini hannu.

Da ya kwanta ciwon ajali, uwargidansa ta aiko a kira ni. Na same shi ya rame, bakinsa ya karkace, mata sun kewaye shi.

"Yana neman gafarar jama'a, Hajiya," ta ce. "Ke kaɗai kika rage."

Na durƙusa kusa da kunnensa don ya ji sosai.

"Alhaji, ka gane ni?"

Ya lumshe ido.

"Ban yafe ba. Ka je can ka faɗa musu duk gari ya sani."

Wata tsohuwa ta kama salati. Na miƙe, na sa takalmina, na tafi ɗebo yumɓu, don bangon gabas ya sake tsagewa.