Gwangwanin Madara Mai Hoton Saniya

A unguwarmu ta Matameye shago ɗaya ne, a kan kwanar da ake bi zuwa lambunan rake. A saman ƙofarsa an rubuta wata doguwar kalmar Faransanci mai alƙawarin abinci iri-iri. A ciki kuwa akwai sukari, ganyen shayi, ashana, sabulu, kifin gwangwani, da tumatirin da ake sayarwa cokali-cokali. Mai shagon Kawu muke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa gano ta wane ɗaki muka haɗu da shi.

Al'adar shagon ita ce duk gwangwanin da ya ƙare na yara ne. Da shi muke ƙera mota: a fasa da ƙusa da dutse, a miƙe shi, a yanko taya daga tsohon silifa, a ɗaura karan dawa na tuƙi. Na tumatir tasi yake bayarwa, na kifi a-kori-kura. Amma can a kanta ta sama akwai wani gwangwanin madarar gari, ƙato, sai yaro ya sa hannu biyu zai rungume shi, da hoton wata saniya mai ƙiba irin wadda ba ta taɓa shan ranin ƙasarmu ba. Wannan babbar mota ce sukutum, irin wadda ta ɗauki Baba zuwa Kano cin rani bayan girbi.

"Kawu, in ya ƙare wa za ka ba?"

"Kai mana, ɗan lakwal. Wa nake da shi da ya wuce ka? Amma ka riƙe bakinka, kada 'yan baƙin ciki su ji."

Na riƙe bakina, mutum ɗaya kawai na gaya wa. Wani maƙwabcinmu zai tafi Kano, na tsare shi a zaure na ce ya gaya wa Baba kafin ya dawo na ƙera masa motarsa, har da wurin ɗora buhu.

Daga ranar na zama ɗan aiken da Inna ba ta taɓa mafarkin samu ba. Ko ashana ta ambata, kafin ta rufe baki ina ƙofar shago. Na fara koyar da ita amfanin madara a koko, ni da ban taɓa damuwa da lafiyar kowa ba. Na share wa Kawu ƙofa, na ɗebo masa ruwan yayyafi daga famfo, na kori awaki daga buhun gishiri. Shi kuma, in na matsa, yakan sauko da gwangwanin ya karkata mini shi.

"Ka gani? Saura ƙiris."

Bayan kwana biyu in na leƙa sai in ga madara ta kai rabi.

"Kawu, ai ta ƙaru."

"Idonka ne. Daga ƙasa kake kallo. Ka yi tsawo tukuna."

A lokacin malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira mushe, yana gana mana azaba da lissafin nan na randa mai huji, wadda ake zuba mata ruwa ta sama yana zurarewa ta ƙasa, a ce yaushe za ta bushe. Ni na fara ba da amsa a aji, har aka tafa mini. Ban san randar tana kan kwanarmu ba.

Wata safiya Inna ta aike ni sukari da wuri, Kawu bai gama buɗe shago ba. Ƙyaure ɗaya a saye yake, na tura. Yana tsugune, gwangwanina tsakanin ƙafafunsa, gefensa wani farin buhu marar suna marar saniya, yana kamfato gari da kwano yana zubawa. Har yana bubbuga gefen don ya zauna da kyau.

Bai ko firgita ba. Ya karkaɗe hannunsa.

"Sukari?"

"Ka ce in ya ƙare nawa ne."

"Na faɗa. Ya ƙare?"

Ban taɓa cin karo da magana mai gaskiya haka, wadda kuma babu ɗigon gaskiya a cikinta ba. Na karanta littattafai da dama daga baya, na saurari masu neman ƙuri'a, ban ga wanda ya kamo ƙafarsa ba.

Na koma gida ba sukari, ina shassheƙa, na kai wa Inna labarin da nake zaton zai tashi unguwa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yo wa bai sani ba? Madarar buhu ce tun kana goye. Gwangwanin ado ne."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ga ka daina gardamar aike."

Wannan ta fi ta Kawu zafi. Shi aƙalla ɗan kasuwa ne.

Baba ya dawo da hadarin farko, saƙona kuma ya isa gare shi daram. Tun daga zaure yake kira: "Ina direba? A fito da mota, ga kaya!" Na fito da wata tasin tumatir da na harhaɗa da gaggawa, tayarta ɗaya a karkace. Ya ɗora ta a tafin hannu, ya jujjuya.

"Wannan ce? Ai ko hulata ba za ta ɗauka ba."

Aka yi dariya, har da Inna. Ban yi bayani ba, ban kuma sake ƙera mota ba.

Bara na je gida, lokacin ni ma na zama malamin lakwal, na bi ta kwanar. Kawu ya tsufa, shagon ya sami firij. Gwangwanin yana nan a kanta ta sama, saniyar ta koɗe har ta fara kama da shanunmu.

"A'a, mushe! Yau kai ne? Me za a ba ka?"

Na nuna masa da haɓa. Ya ɗaga kai ya duba, ya dube ni, ya yi murmushi da sauran haƙoransa.

"In ya ƙare."